Kwandalar gwal ta 1791 a cikin kayan gadon kakarmu: gini ce ta gaske, kuma yaya za mu yi da ita?

Jikan Fatake:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san tarihin tsofaffin kuɗi da kuma waɗanda suka san sha'anin gwal.

Allah ya yi wa kakarmu rasuwa watanni biyu da suka wuce, kuma da aka zo fitar da kayanta domin rabon gado sai aka tarar da wata 'yar jakar fata a ƙasan adakarta, a cikinta akwai kwandala guda ɗaya rawaya, naɗe a cikin tsumma. Mahaifina ya ce ta kakanmu ce, ya zo da ita daga Kumasi a shekarun 1940 lokacin da yake fataucin goro, ya ba matarsa ta ajiye, kuma tun suna yara suke jin ana kiranta zinariyar Gwanja. A gidanmu kowa ya ɗauka cewa da zinariyar Asante aka ƙera ta.

Na auna faɗinta da rula, ta kai kimanin milimita 24. A fuskarta akwai kan wani mutum mai kumatu yana duban dama, da rawanin ganye a kansa, an kewaye shi da rubutun GEORGIVS III DEI GRATIA. A bayanta akwai garkuwa mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, da kambi a kanta, sai wasu haruffa masu yawa da ɗigo a tsakaninsu waɗanda na kasa haɗa ko kalma ɗaya daga cikinsu, a can ƙasa kuma an rubuta 1791. A gefenta na sama, daidai saitin kan mutumin, akwai wani ɗan tabo mai tudu wanda launinsa ya ɗan bambanta da sauran.

Na kai ta wurin wani mai sayar da gwal a kasuwa. Da ya juya ta sau biyu sai ya ce sunanta gini, ya ɗauko dutse zai goga ta ya ɗiga mata asid, yana cewa idan ta tabbata zai saya a kan nauyinta nan take, domin tsohon kuɗi ba shi da wani amfani sai a narka. Gaggawar da na ga yana yi ba ta kwanta mini ba, ga shi kuma ba tawa ba ce ni kaɗai, haƙƙin magada ce, saboda haka na karɓi abata na dawo gida.

Mene ne gini, kuma ina ta samo wannan suna? Gaskiya ne da zinariyar Asante aka yi ta? Ta wace hanya za mu tabbatar da ingancinta ba tare da mun ɓata ta ba, kuma sayarwa ta fi ko ajiyewa?

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ji ƙan kakarku, ya ba ku haƙurin rashinta. Ka yi hankali da ka dawo da ita gida.

Idan abin da ka bayyana haka yake, kuma ƙarfen ya tabbata gwal ne, to abin da ke hannunka gini ce ta zamanin Sarki George na III na Birtaniya, irin wadda ake yi wa laƙabi da mai shebur saboda siffar garkuwar da ke bayanta, an kuma buga irinta daga 1787 zuwa 1799. Kada sunan ya rikita mai karatu, ba ginin tubali ake nufi ba, sunan yankin Gini ne aka laƙaba wa kuɗin.

An fara buga gini a 1663, shekara uku bayan Sarki Charles na II ya koma kan karagar Ingila. Kafin lokacin, da guduma ake buga yawancin kuɗin ƙasar, suna fitowa a karkace, wannan ya fi wancan faɗi, har mutane suka saba da gatsar gefen kwandala suna tara ɓurɓushin, su kashe ragowar a matsayin cikakkiya. Gini da inji aka buga ta, aka yi mata tsaga-tsaga a gefe, ta yadda duk wanda ya rage ta za a gani. Ƙa'idar ita ce a fitar da guda 44 da rabi daga kowane awo ɗaya na gwal mai karat 22 wanda ya kai kimanin giram 373, shi ya sa kowace ɗaya take da nauyin kusan giram 8.4. Ga mai lissafi da awon da malamanmu suka sani, gini ɗaya ta kusa miskali biyu.

Sunan kuwa ba hukuma ce ta raɗa shi ba tun farko, a wurinta kwandalar sule 20 ce kawai. Jama'a ne suka riƙa kiranta gini domin an san cewa daga gaɓar Afirka ta Yamma ake kawo gwal ɗin, kuma a wancan zamani Turawa suna kiran gaɓar gaba ɗaya da sunan Gini, ba ƙasar da Konakiri ke babban birninta a yau kaɗai ba. Mafi yawan gwal ɗin daga ƙasashen Akan yake fitowa, wato Gana ta yanzu, inda 'yan Fotugal suka gina sansanin Elmina a 1482, Ingilishi kuma suka riƙe na Cape Coast daga 1664. Mai kawo shi kamfani ne da masarauta ta ba izini a 1660, aka sake masa tsari a 1672 da sunan Royal African Company, shugabansa kuma James ne, ƙanin sarki, wanda shi ma daga baya ya hau karaga. Duk kwandalar da aka buga da gwal ɗin kamfanin sai a sa mata hoton 'yar giwa a ƙarƙashin wuyan sarki, daga baya aka mayar da ita giwa mai ɗauke da 'yar hasumiya a gadon bayanta. Ya kamata duk mai sha'awar wannan giwa ya san cewa jiragen da suka ɗauki gwal ɗin na kamfanin da ya kwashi dubban 'yan Afirka ne a ɗaure zuwa gonakin rake na Barbados da Jamaika, yana yi musu lalas da haruffansa kamar yadda ake yi wa shanu. Ni dai ban taɓa kallon hoton gini mai giwa ba tare da wannan ya faɗo mini a rai ba.

Sai dai a nan zan ɗan rage muku daɗin labarin gida. Giwar ta bayyana a kan gini karo na ƙarshe a 1726, taku kuwa ta zo bayan haka da shekara 65. A cikin ƙarni na 18 babban kaso na gwal ɗin da ke shiga Landan daga ma'adinan Burazil yake zuwa ta hannun Fotugal, sannan a shekarun 1770 hukuma ta janye tsofaffin ginin da suka goge suka rasa nauyi, ta narka su ta sake bugawa. Saboda haka gwal ɗin da ke cikin kwandalar 1791 gauraye ne, ba wanda zai iya nuna shi ya ce wannan na Asante ne. A Hasumiyar Landan aka buga ta, inda ma'aikatar buga kuɗi take a lokacin. Abin da ya haɗa ta da Gwanja shi ne sunanta da kuma hanyar da ta biyo har ta iso aljihun kakanka.

Yadda aka yi ta zama sule 21 shi ne ɓangaren da na fi so in koyar. An yi ta ne ta zama fam ɗaya daidai, wato sule 20, amma ainihin kuɗin lissafi a Ingila azurfa ce, sulallan azurfar kuwa an gatse su har wasu ba su kai rabin nauyinsu ba. Mai gini lafiyayya ba zai yarda ya ba da ita a kan gatsattsun sule 20 ba, sai farashinta ya yi ta hawa har ya kai sule 30 a 1695. Da aka sake buga sulallan azurfa a 1696 majalisa ta sauko da ita zuwa sule 22, daga baya ta zauna a sule 21 da sisi. A 1717 Isaac Newton, wanda ɗalibai suka sani da ilimin lissafi da na motsin taurari, amma a lokacin shi ne shugaban ma'aikatar buga kuɗi, ya rubuta rahoto a kan yadda azurfa ke zurarewa daga ƙasar, sai aka yi shela a watan Disamba na shekarar cewa gini sule 21 ce. Ko a hakan an ɗan fifita gwal a kan azurfa fiye da yadda kasuwannin waje suke yi, don haka fatake suka ci gaba da fitar da azurfa suna shigo da gwal, har Birtaniya ta wayi gari gwal ne ginshiƙin kuɗinta tun kafin ta rubuta hakan a doka.

Yaƙi ne ya kawo ƙarshenta. A 1797, ana tsakiyar faɗa da Faransa, jama'a suka yi ta tururuwa suna karɓar gwal ɗinsu suna ɓoyewa, sai aka dakatar da Bankin Ingila daga musanya takardunsa da gwal, aka fito da takardun fam ɗaya da fam biyu. Bayan 1799 aka daina buga cikakkiyar gini, sai rabinta da sulusinta mai sule 7. An sake buga ta sau ɗaya a 1813, guda 80,000, domin biyan bukatun rundunar Wellington, kwamandan sojojin Birtaniya, a tsaunukan da ke tsakanin Sifen da Faransa, inda mutanen wurin suka ƙi karɓar komai sai gwal. Bayan an gama da Napoleon, mai mulkin Faransa, aka yi dokar kuɗi ta 1816, a 1817 kuma aka fito da fam na gwal, wato sofarin, mai nauyin kusan giram 8 da darajar sule 20 cif, wanda ya fi sauƙin lissafi.

Kwandalar ta tafi, amma sunan ya zauna a bakin mutane fiye da shekara 150. Likita da lauya da telan manya suna faɗin ladansu da gini, ɗan kasuwa da lebura kuwa da fam, abin ya zama wata alama ta nuna matsayi. Har nan Najeriya ya iso, domin wanda ya duba tsofaffin hukunce-hukuncen kotu na zamanin fam da sule zai ga alƙali ya yanke kuɗin ɗawainiyar shari'a gini kaza. Da Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta a 1971 gini ta zama fam 1.05, a lissafinmu kuma na 1973, da aka mayar da fam ɗaya naira biyu, ta kama naira 2 da kwabo 10. Har yau da gini ake gwanjon dawakin sukuwa a garin Newmarket na Ingila, inda a al'adar da mai doki yake karɓar fam, mai gwanjo ya riƙe sulen da ke kai a matsayin la'adarsa.

Maƙerin Gwal:

Malam ya gama da tarihi, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan yi magana a kan abin da hannuna ya saba da shi.

Ɗan'uwa, kada ka zargi mai shagon da yawa a kan dutse da asid, domin haka muke gwada sarƙa da ɗankunne kullum, kuma mutumin da zai fitar da kuɗinsa dole ya nemi tabbaci. Inda ya yi kuskure shi ne gaggawar da ya yi maka da cewar da ya yi ba ta da amfani sai narkawa. Akwai gwajin da za ka yi wanda ba ya taɓa jikin kwandalar ko kaɗan, kuma a ganina ya fi asid faɗin gaskiya, domin asid fatar sama kawai yake gani, idan an yi wa tagulla wankan gwal mai kauri yana iya ruɗin mutum.

Ka nemi ƙaramin sikeli na lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin wanda ke kowane shagon gwal. Ka fara auna kwandalar a bushe ka rubuta. Gini wadda ta sha hannu za ta ba ka tsakanin giram 8.2 da 8.4. Daga nan ka ɗora ƙaramin kofi mai ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure kwandalar da siririn zare, ka sauke ta cikin ruwan har ta nutse gaba ɗaya, amma kada ta taɓa gindin kofin ko gefensa, ka kuma tabbata babu kumfar iska da ta manne mata. Lambar da sikelin zai nuna ita ce nauyin ruwan da ta ture. Sai ka raba nauyin farko da wannan lamba. Gwal mai karat 22 zai ba ka tsakanin 17 da 18, tagulla kuwa ba ta wuce 8 zuwa 9, ko dalma ma 11 da 'yan kai take tsayawa. Ka maimaita sau uku, domin a ƙaramin abu irin wannan kuskuren ɗigo ɗaya yana sauya sakamako.

Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, domin ba ya kama gwal, ba ya kuma kama tagulla.

Tabon da ka gani a sama, ba tare da na riƙe ta a hannu ba, na fi zaton wurin da aka taɓa liƙa mata 'yar zobe ne domin a rataya ta, daga baya aka cire. Ina ganin irinsa a kan kwandalolin da mata suke kawowa a mayar musu da su abin wuya. Idan ka zo sayarwa a kan nauyi, ka riƙe wannan lissafi a kanka: a cikin kowane kashi 12 na nauyinta 11 ne gwal zalla, wato kimanin giram 7.6, kuma a kan wannan za a yi ciniki da farashin ranar, ba a kan abin da mai saye ya ga dama ba.

Mai Tara Sulalla:

Ina tare da Maƙeri a kan gwajin ruwa, amma ina so in ƙara nauyi a kan batun dutsen, domin abin da yake daidai a kan sarƙa ɓarna ne a kan tsohuwar kwandala. Masu tara irin waɗannan kuɗi da madubin ƙara girma suke duba gefe da fuska, kuma gogewa ɗaya a kan dutse tana barin shaidar da ba ta gyaruwa. Haka nan kada a wanke ta da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe don a ga ta yi ƙyalli. Na taɓa yi wa wata tsohuwar kwandalar azurfa haka a farkon shigata wannan sha'ani, ina ganin gyara nake yi, da na nuna wa wanda ya fi ni sani sai ya ce na goge rabin kuɗinta da hannuna. A riƙe ta ta gefe, a mayar da ita cikin tsumma mai laushi.

Dalilin da ya sa gwajin nauyin ya zama dole a kan gini mai shebur musamman shi ne, tana cikin kwandalolin Ingila da aka fi kwaikwaya. A zamanin Sarauniya Victoria, a ƙarni na 19, masana'antun Birmingham na Ingila sun buga kwaikwayonta na tagulla masu ɗimbin yawa, ba don a cuci kowa ba, sai don a riƙa ƙirga ci da su a wasan karta, wasu kuma don talla. Suna ɗauke da kan George na III da garkuwar shebur, amma sun fi sirantaka, ba su da nauyi, kuma da yawansu an rubuta musu IN MEMORY OF THE GOOD OLD DAYS a baya, wato tunawa da zamanin da na jin daɗi, wasu kuma haruffan sunan masana'antar aka jera a wurin laƙabin sarki. Har akwai masu ɗauke da shekarar da ba a taɓa buga mai shebur a cikinta ba, kamar 1768. A kan ta gaske haruffan bayan suna farawa ne da M.B.F.ET.H.REX, su ƙare da A.T.ET.E. Ka duba naka harafi bayan harafi.

Game da daraja, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu don kada magada su sa rai da yawa. Gini mai shebur tana cikin waɗanda aka fi samu, domin an buga ta da yawa, kuma mutanen ƙarni na 19 sun ajiye ta suna ratayawa a sarƙar agogon aljihu, abin da ya dace da tabon da Maƙeri ya fassara. Watakila ma a matsayin kayan ado ta shiga Gana, ba a matsayin kuɗin kashewa ba, tun da a zamanin fataucin kakanka sulallan hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ake kashewa a Kumasi da Kano baki ɗaya. Wadda aka taɓa liƙa wa zobe tana faɗuwa ƙwarai a idon masu tarawa, kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS ma sukan rubuta aibin a jikin robar da suke rufe ta a ciki maimakon su ba ta cikakken maki. Irin wannan farashinta yakan tsaya kusa da kuɗin gwal ɗinta, da ɗan ƙari a kai idan gashin sarki da zakokin garkuwa ba su goge ba.

Waɗanda ake rububi a kansu daban ne. Akwai masu giwa da Malam ya ambata. Akwai na 1703 masu kalmar VIGO a ƙarƙashin hoton Sarauniya Anne, waɗanda aka buga da gwal ɗin da aka ƙwace daga jiragen Sifen da Faransa a yaƙin mashigin Vigo na 1702, kuma babbar cikinsu, mai darajar gini biyar, tana daga cikin kuɗin Ingila mafi tsada a wurin gwanjo. Akwai masu haruffan EIC na kamfanin da ke cinikin Indiya, da masu LIMA na 1745 a zamanin George na II, sai kuma ta sojoji ta 1813. Ko rubu'in gini, wanda sau biyu kawai aka buga shi, a 1718 da 1762, domin ƙanƙantarsa ta sa yana yawan ɓacewa a hannun mutane, yana da masu nemansa.

Duk da haka ban goyi bayan narkawa ba. Mai narkawa ba zai biya ka fiye da nauyi ba, mai tarawa kuwa ba zai biya ka ƙasa da nauyi ba, saboda haka babu wata riba da ke cikin kai ta wuta.

Ɗan Mai Wurno:

Gaisuwa ga Malam da sauran 'yan'uwa daga Sudan. Na karanta inda Malam ya ce sunan ya zauna a bakin mutane, sai na ga ya dace in sanar da ku cewa a nan wurinmu ba a baki kaɗai ya zauna ba, yana rubuce a jikin takardar kuɗin da muke kashewa. Kuɗin Sudan da Larabci sunansa junaih, na Masar ma haka, sai dai su suna furta shi ginaih, kuma duka daga sunan wannan gini ta Ingila aka aro su tun a ƙarni na 19. Na girma ina jin kalmar kullum a kasuwa ban taɓa kawowa a raina cewa asalinta sunan yankinmu ne na Afirka ta Yamma ba, ya tafi Landan, ya zagayo ta Alƙahira, ya zo ya same mu a bakin kogin Nilu.

Akwai abin da zan ja hankalin alhazai da hajiyoyinmu a kai. Abin da masu shagunan gwal na Makka da Jidda da Alƙahira suke kira junaih na zinariya ba wannan gini ta Jikan Fatake ba ce. Wani lokaci fam na gwal ne na Ingila, wanda Malam ya ce ya maye gurbin gini a 1817, wani lokaci na Saudiyya ne da aka buga a shekarun 1950 a kan nauyin fam ɗin, a Masar kuma galibi ƙirar gida ce mai giram 8 da karat 21, an kwaikwayi hoton Sarki George a kanta. Duka gwal ne na gaske idan an saya a wurin amintacce, amma kada wani ya ji sunan ya ɗauka ya mallaki tsohon kuɗi na ƙarni na 18.

Jikan Fatake:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na gode 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na yi abin da Maƙeri ya ce a shagon wani abokin yayana, mahaifina da goggona suna tsaye suna kallo. A bushe ta ba da giram 8.28. A cikin ruwa mun gwada sau uku, sau biyu ta nuna 0.47, sau ɗaya 0.48, kuma a na ƙarshen mun lura akwai 'yar kumfa a jikin ƙullin zaren. Da muka raba sai muka sami 17.6. Haruffan bayan ma na bi su ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, sun fara kuma sun ƙare yadda Mai Tara Sulalla ya rubuta, babu wata kalmar Ingilishi a ciki.

Mahaifina bai ji daɗin batun Burazil ba, ya ce shi dai a wurinsa zinariyar Gwanja ce tun da daga can ubansa ya ɗauko ta. Goggona kuma ta ce tana so a yi mata kuɗi a sa a cikin rabonta, ta riƙe ta kamar yadda mahaifiyarta ta riƙe, sauran magada ba su ƙi ba. Malamin da ke raba mana gadon ya ce a samo ƙima daga wurare biyu mabambanta kafin ya shigar da ita lissafi. Saura abu ɗaya, Baba Malam: goggo tana tambaya me dogayen haruffan nan suke cewa, domin ba ta son ta ajiye abin da ba ta san ma'anarsa ba.

Tsohon Malamin Tarihi:

Ka gaya wa goggonka kirarin sarauta ne da harshen Latin, a bayan an taƙaita kusan kowace kalma zuwa harafinta na farko domin wurin ba zai ɗauka ba. Fuskar tana cewa George na III, da yardar Allah, bayan kuma ya ci gaba da cewa Sarkin Birtaniya da Faransa da Ayaland, mai kare addini, wato addininsu na Kirista, mai sarautar Brunswick da Lüneburg a ƙasar Jamus, babban ma'aji kuma ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki a Daular Rum Mai Tsarki, wato tsohuwar daular da ta haɗa ƙasashen Jamus. Garkuwar ma abin da take faɗa ke nan da hoto: zakokin Ingila da na Sukotland a sama ta hagu, furanni uku na Faransa a kusa da su, molon Ayaland a ƙasa, sai alamun gidan Hanover, wato gidan sarautar su George, da ɗan farin dokinsu a kusurwa ta ƙarshe.

Harafin F na farko shi ne na Faransa, ƙasar da George bai mallaki ko taki ɗaya a cikinta ba. Sarakunan Ingila sun gaji wannan iƙirari ne tun daga Edward na III a ƙarni na 14, suna ta maimaita shi a kan kuɗinsu, har a 1791 da aka buga taku, lokacin da juyin juya hali ya riga ya raba sarkin Faransa na gaske da ikonsa, shekara biyu kafin a fille masa kai. Sai a 1801 aka cire sunan Faransa da furanninta daga kirarin, shi ya sa ba za ka gan su a kan ginin sojoji ta 1813 ba.

Wajen ƙimar da malaminku ya nema, ku sa a rubuta nauyin giram 8.28 da karat 22 da farashin giram na ranar a takarda ɗaya, masu ƙimar biyu su sa hannu, a kuma ɗauki hoton fuska da baya da wurin tabon a haɗa da takardar rabon gadon.